Dodannin Yaya

Auta yana ɗaura takunkumi a ƙofar gidan kajin lokacin da yayarsa ta fito da tsintsiya a hannu. Ta dubi farar rigar ledar da ta rufe shi har ƙafa, ta dubi ma'aikatan da ke sauke buhuna da shebur daga motar ofishin kula da dabbobi, sannan ta jingine tsintsiyar a bango.

"Duk likitocin ofishin naku an rasa wanda za a turo sai kai?"

"Ni na ce a ba ni, Yaya. Gara ni da baƙo."

"Gara kai," in ji ta, ta matsa gefe ta ba su hanya.

Shi ne ya ɗibi majinar kajin a makon jiya, shi ne kuma ya fara ganin sakamakon: murar tsuntsaye. Doka ta ce duk mai fuka-fuki a gidan a kashe shi a binne, da mai ciwo da mai lafiya.

Da kajin nan ta yi renonsa bayan rasuwar mahaifinsu. Ta fara da ɗan akurki a bayan kicin, a hankali ya zama dogon ɗaki mai rufin kwano, kuma ƙwansu ne ya kai shi har jami'a. A can ne wani malami ya nuna musu hoton wata halitta da ta daskare cikin dutse tun kafin a yi mutane. Tana da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi, amma ga gashin tsuntsu a jikinta ɓaro-ɓaro. Malamin ya ce tsuntsaye zuriyar dainaso ne, waɗannan dabbobin da suka shuɗe, wasunsu sun fi gidan bene tsawo. Auta ya dawo hutu kamar wanda aka yi wa wahayi. Ya dafa ƙasusuwan kaza, ya haɗa su da waya a kan farantin Yaya, yana nuna mata yatsu uku masu kallon gaba, da ƙashi mai rami a ciki, da ɗan ƙashin ƙirjin nan mai kama da gwafa.

"Na tura ka karatu, ka dawo kana tayar da gawar kaza," ta ce tana dariya har da hawaye. Amma daga ranar ta koma kiran kajinta dodanni. In zakara ya bi mai sayen ƙwai da gudu, sai ta ce, "Yi haƙuri, jinin kakansa ne ya motsa."

Ya samu gurbin karatu a ƙasar waje kan tsofaffin ƙasusuwa, amma tallafin da aka yi masa alkawari bai fito ba. Ya karɓi aikin gwamnati kafin abubuwa su daidaita. Yanzu ga furfura a gemunsa.

Cikin ɗakin kajin babu hayaniyar da ya sani. Wasu sun kwanta wuyansu a murɗe, wasu na tsaye ido rufe, zankonsu ya kumbura ya yi baƙi. Masu sauran ƙarfi suka taru a lungu suna kallon fararen mutanen. Aka fara kamawa ana zubawa a ganga mai iskar da ke kashe su cikin barci, daga nan sai buhu, daga buhu sai ramin da aka haƙa a bayan katanga. Auta yana kama su ta ƙafa, biyu-biyu, bai yarda ya tsaya kallon ko ɗaya ba.

Da rana ta take suka tsaya shan iska. Ya tarar da Yaya zaune kan kifaffen bokiti, kusa da buhunan abincin kaji da za a ƙone. Ya tsaya nesa kaɗan saboda rigarsa.

"Sake ba ni labarin nan," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Na dutsen."

"Yaya, yau kuma?"

"Yau ɗin."

Ya ba ta, ta cikin takunkumi. Wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama, ƙura da hayaƙi suka rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin nama suka bi su. Manyan duka suka ƙare. Waɗanda suka tsira ƙanana ne masu gashi, ana jin masu tsince-tsince ne a ƙasa, waɗanda 'yar ƙwaya ke isarsu. Daga su aka samu duk tsuntsun da ke duniya.

"Wato dutse daga sama bai gama da su ba," in ji ta, "sai ƙanena da farar riga."

"In aka yi feshi aka ba da izini, bayan 'yan watanni za ki iya sake zubawa."

"Da wace gwiwar? Masu sayen ƙwai ba za su jira ni ba, mai filin da nake haya ma dama neman dalilin korata yake. Na gama, Auta."

Ya juya zai koma bakin aiki. Sai ya ji ƙurƙur ɗin kaza, ba daga ɗakin kaji ba, daga ɗakin kwananta. Ya dube ta. Ta kawar da kai.

A ƙarƙashin gado ya same ta, wata tsohuwar jar kaza a cikin daro, kwance kan ƙwai.

"Lafiyarta ƙalau," Yaya ta ce daga bakin ƙofa. "Tun da sauran suka fara faɗuwa na ɗauke ta. Tare muke kwana."

Ya durƙusa ya duba. Idon kazar ɗaya ya cika da ruwa, numfashinta na fita da ƙara.

"Yaya."

"Na gani. Tun da safe na gani. Matsa, ba ta saba da kai ba."

Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗago kazar a hankali, ta shafa mata wuya, ta miƙa masa. Da hannunta ya taɓa nasa, har ta cikin safar roba ya ji zafi. Ya miƙa wa ma'aikacin da ke waje kazar, ya cire safar, ya ɗora bayan hannu a goshin Yaya.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Gajiya ce kawai."

Ya leƙa waje ya ce wa direba ya juya mota, asibiti za su. Muryarsa ta fito daidai, irin ta wurin aiki.

Yaya tana tsaye tana kallon daron.

"Waɗannan fa? Sun kusa ƙyanƙyashewa."

"Su ma, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro tsohon zani daga kan gado ta lulluɓe ƙwan da kyau, ta cusa gefe-gefensa don kada iska ta shiga. Sannan ta ɗauki daron da hannu biyu, ta wuce motar da ke jiranta, ta nufi bayan katanga tana tafiya a hankali kada su gwaru.