Ma'auni na Huɗu

Saura minti shida tauraron ya ɓullo. A saman rufin ɗakin bincike eriya ta fara juyawa da ƙugi, Auta kuwa, ƙaramar cikin ma'aikatan, tana zaune gaban kwamfuta.

Tauraron nasu na ɗan'adam ne, bai fi bulo girma ba. Wata uku ke nan kullum da hantsi yake ratsawa ta samansu na minti tara, yana aiko ɗan kukansa, ita kuma ta mayar da kukan lambobi: ƙarfin batir, da zafin jikinsa daga ma'aunai shida. Yau aikinsa ya ƙare. Farfesa zai aika masa umarni ya buɗe laimar da za ta janyo shi ƙasa ya ƙone. Laimar in ta buɗu ba ta rufuwa.

"Auta, yau za mu yi wa ɗanki jana'iza," in ji Injiniya, yana kurɓar shayi. "Ki tanadi hawaye."

Ba ta yi dariya ba. Ma'auni na huɗu ne ya tsaye mata a rai. Ana saura kwana biyu a rufe tauraron, hannunta ya goce wajen liƙa waya ta ƙone ma'aunin ƙurmus. Kunya ta hana ta faɗa. Amma tun ranar farko na huɗun nan yake aiko zafi daidai, lafiya lau. Ta yi ta ce wa kanta wataƙila bai mutu ba. Sai jiya ta gano cewa cikin taurari goma sha biyu da roka ɗaya ta saki tare, akwai na wasu ɗalibai a wata ƙasa, waɗanda suka sayi rediyo irin na su Auta sak. Har yau ɗaliban suna cigiyar nasu.

Lasifika ta yi tsaki, sai ga kukan, siriri kamar na ɗan tsako. Lambobi suka fara zubowa. Na huɗu: digiri goma sha tara.

Farfesa ya gyara tabarau, ya rubuta umarnin, yatsansa na shawagi a kan maɓalli.

"Ranka ya daɗe." Auta ta juyo gare shi. "Ba namu ba ne."

"Me kika ce?"

"Na huɗu ba zai yi magana ba. Ni na ƙone shi, ban faɗa ba."

Injiniya ya ajiye kofi a hankali. "Wata uku muna renon ɗan mutane?"

Farfesa bai dube ta ba. Ya janye hannunsa, ya goge umarnin harafi bayan harafi.

"To namu fa?" ya tambaya.

Ta nuna masa jerin taurarin. Akwai ɗaya da ba wanda ya taɓa cewa nasa ne, yana biye a baya da minti huɗu.

"Juya eriyar."

Ƙarfe ya yi ƙugi a saman rufi. Auta ta ƙara muryar lasifika har ƙarshe. Minti tara suka saurara, ba abin da ke fitowa sai shuuu, kamar ruwan sama a nesa.