Mai Kunna Wa Maigida Taba

Ranar Litinin da safe Maigida ya buɗe kwalin maganinsa da kansa, ya tarar babu komai a ciki. Ya kife shi ya girgiza, takardar bayani ce kawai ta faɗo.

"Ke! Zo nan."

Matarsa Inna ta fito daga ɗakin girki tana goge hannu da gefen zani. Tun asuba take kewaye-kewaye don kada a zo kan maganar nan.

"Filasta nawa yarinyar asibitin nan ta ba mu?"

"Sha huɗu."

"Nawa kika liƙa mini?"

"Goma."

Ya tsaya ya ja numfashi. Yanzu magana ba ta fita masa a jere, sai ya yanka ta gida biyu. "To ina... huɗun?"

"Ko sun faɗa bayan gado ne."

"Janye gadon."

Ta janye gadon, ta durƙusa tana lalube cikin ƙura, alhali ta san inda suke. Uku ta yi amfani da su ta jefa a murhu. Na huɗun yana manne a damtsenta na hagu, ƙarƙashin riga, yau kwana biyu, duk ƙarfinsa ya ƙare amma ta kasa ɓare shi.

Shekara arba'in Maigida yana gasa burodi a ɗakin da ke jikin gidansu. Mai kwaɓa fulawa ba shi da hannun riƙe ashana. Tun tana amarya yake cewa, "Kunna mini," sai ta sa karan sigari a bakinta, ta ƙyasta, ta zuƙa sau biyu ko uku har wutar ta kama sosai, sannan ta sa masa a baki yana ci gaba da murza ƙullu. Sau ashirin a wuni, wata ran talatin. Ba wanda ya taɓa kiran wannan shan taba, ita ma ba ta taɓa ba.

Da huhunsa ya gaza, likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce abin da ya lalace ya lalace, sauran ake so a tsare. Yana bukatar iskar oksijin a gida, amma ba za a kawo tukunyarta gidan da ake kunna sigari ba, don wuta ɗaya ta isa ta tashi da shi da gadon. Aka ba shi filastar da ake liƙawa a fata tana kashe ƙishin taba. Ranar Alhamis zai koma ya hura wata na'ura. In ta nuna babu hayaƙi a jikinsa, a ba shi iskarsa ya zauna a ɗakinsa. In ta nuna akwai, sai gadon asibiti, shi kuwa ya rantse ba zai mutu a ɗakin da ake jera mutane kamar burodi a faranti ba.

Shi ya daure. Ita ce a kwana na uku hannunta ya fara rawa. Ta fasa kofi, ta zagi maƙwabciya a kan igiyar shanya, ta shiga banɗaki ta yi kuka ba ta san dalili ba. A kwana na huɗu, bayan ta liƙa masa nasa a gadon baya, ta zare ɗaya ta liƙa wa kanta. Zuciyarta ta tashi, kanta ya juya, sannan duniya ta lafa. Ta ce daga wannan shi ke nan. Bai zama shi ke nan ba. Jiya ta zaga kemis uku, duk suka ce ba su ajiye irinsa.

"Babu," ta ce, ta miƙe tana kaɗe gwiwa.

"Kira mini Auta."

Auta ƙaninsa ne. Gemunsa ya yi fari amma sunan bai bar shi ba, kuma shi ke riƙe da gidan burodin yanzu. Ya shigo da fulawa har gira.

"Matarmu, yau kuma wa ya taɓa miki tsohon naki? Na ce ki sake shi ki dawo wurin mai sauran jini."

"Rufe bakinka," in ji Maigida. "Ina maganina?"

"Wane magani?"

"Kai kaɗai ne mai shan taba... a gidan nan. Ranar nan na ji ka... kana tambaya ko yana aiki."

Dariyar Auta ta ɗauke. "Yaya, ni? Ni zan ɗauki maganin numfashinka?"

"Tun kana yaro hannunka... ba ya zama wuri ɗaya."

"Wallahi ban taɓa kwalin nan ba. Tunda ka daina, bayan layi nake zuwa in sha tawa don kada ka ji wari. Inna, gaya masa mana!"

Inna ta dubi ƙasa. 

"Juye aljihunka," in ji Maigida.

Auta ya juye a kan tebur: makulli, ashana, kwalin sigari da ya kusa rabi. Ya tsaya yana kallon wansa, idonsa ya kaɗa.

"Bar su nan. Fita. Kada ka sake tako mini ɗaki."

Auta ya ɗauki makullinsa kawai ya fita. Bai ko rufe ƙofa ba.

Kwalin sigarin ya wuni a kan tebur. Sau biyu Inna ta kai hannu za ta ɗauke, sau biyu ya ce, "Bar shi. Ina so in ga ni da shi wa zai gaji." Bai ci abinci ba. Ya shaƙi maganin buɗe ƙirji, ya zauna ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Daga bayan bango tana jin Auta yana buga tiren burodi da ƙarfin da bai kamata ba. Ita ma bakinta ya bushe. Duk inda ta juya a ɗakin, idonta sai ya koma kan tebur.

Bayan azahar ya zare kara ɗaya. Ya ƙyasta ashana, ta karye. Ya sake, ta faɗi ƙasa ta mutu. Ya miƙo mata karan da kwalin ashanar.

"Kunna mini."

"Maigida, kwana uku ya rage."

"Ɗaya tak. Kafin Alhamis hayaƙin ya fita daga jikina."

"Kai ka taɓa shan ɗaya tak?"

"Ni kike... mayar wa magana? Kunna!"

Ta karɓa. Karan ya zauna tsakanin yatsunta kamar bai taɓa barin wurin ba. Warin ganyen ya bugi hancinta, yawu ya cika mata baki. Zuƙa uku ne nata, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi, umarnin miji ta bi. Ta san kuma in ta kunna wannan, kafin magariba za ta kunna na biyar. Har ta ɗaga shi ya kusa leɓenta.

Ta ajiye shi a kan tebur. Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta juya masa damtsen.

Filastar ta yi baƙi a gefe, ɓari ɗaya ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta.

"Mene ne wannan?"

"Na huɗun ne. Ukun na ƙone su."

"Ke?"

"Ni."

"Me ya haɗa ki... da maganin 'yan taba?"

"Wa yake kunna maka?"

Ya buɗe baki, tari ya riga maganar fitowa. Ya sarƙe shi har ya dunƙule, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, leɓensa ya canza launi. Ta ruga ta ɗauko abin shaƙa, ya ture hannunta, ta sake kai masa, ya karɓa. Ta tsaya a kansa tana ƙirga numfashinsa har ya dawo. Ta jira zagi. Ta jira ya ce ta tattara kayanta.

"Kika tsaya nan," ya ce a hankali, "na kira ƙanina ɓarawo."

"Na tsaya."

"Shekara nawa ke nan da taba ta kama ki?"

"Ban sani ba. Sai da ka daina na gane."

Ya dubi hannuwansa. Can ya ce, "Ɗauko mayafinki. Ki ce wa Auta ya fito da mota."

"Ba zai zo ba."

"Ce masa ni ne... nake roƙo."

Auta ya zo. Da suka isa asibiti, shi ya tallafe wansa daga mota zuwa benci, suna tsayawa duk bayan taku goma.

Nas ɗin da ke kula da masu barin taba ta ɗago kai ta gan su. "Baba, ai sai Alhamis. Lafiya?"

"Maganin ya ƙare."

"Ya ƙare? Sha huɗu na ba ka. Bibbiyu kake liƙawa?" Ta matso tana duban fuskarsa. "Ko ka koma sha ne? Gaya mini gaskiya."

Inna ta waiwaya. Akwai mata uku a kan benci, duk sun kasa kunne. Ta buɗe baki, Maigida ya ɗaga mata hannu.

"Ban sha ba. Kawo abin hurawar... in hura yanzu." Ya huta. "Maganin mutum ɗaya kika bayar, 'yata. Mu biyu ne. Ni na koya mata, ba ta roƙe ni ba."

Nas ta dubi Inna. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo wata kujera kusa da tebur, ta ɗauko sabon kati.

"Zauna, Mama. Kara nawa a rana?"

"Ban taɓa shan kara guda ba."

"Rubuta mata uku," in ji Auta daga bakin ƙofa. "In kin haɗa kawunan sigarin da take cinye masa, sun kai."

Maigida ya karɓi na'urar, ya cika ƙirjinsa iya abin da ya samu, ya hura.