Dutsen Inna

Jar dawar da ake kira Sannu-sannu ta ƙare a ƙauyen, sai abin da ya rage a gorar Inna, cuɗe da toka saboda ƙwari. Wurin uwarta ta gaje ta. Dawa ce mai nawa, kowa ya girbe tana nan tsaye, amma shekarar fari ita kaɗai ke shiga rumbu.

Autar Inna, wadda ta yi karatun noma har ake ce mata Dakta, ta zo da motar cibiyar bincike. Za a shuka tsofaffin iri da sababbi a gonar gwaji, manoma da kansu su zaɓa. Irin da ya samu masoya a yaɗa shi, wanda bai samu ko mutum ɗaya ba a share wurinsa a yi gwajin rani.

"Inna, ki ba ni duka. Cikin tafi ba ya isa gwaji."

"Duka, Auta? In ta lalace fa?"

"A hannun 'yarki? So nake duk ƙauyen nan su koma shuka ta."

Inna ta juye gorar, har da bubbuga gindinta.

Ranar zaɓe ofis ne ya sa ta. Sababbin iri sun nuna, Sannu-sannu kuwa tana da ciki, ko kai ba ta fitar ba. Dakta ba ta damu ba, ai mutanenta sun san halin dawarsu. Aka ba kowa dutse guda, ya ajiye gaban irin da yake so.

"Ni ba ruwana," in ji Dakta. "Ku ne masu gona."

Ta ja gefe don kada a ce ta sa baki. Rana ta take, bishiya ɗaya ce a gonar, can ƙarshe, daidai wata gajeriyar sabuwar dawa. Nan ta tsaya tana fifita da gyale.

Ana cewa in an tambayi jama'a an ji gaskiya. Ni dai na san mutanen da in ka tambaye su hanya, sai sun fara duba inda ka fuskanta.

Maƙerin ƙauyen ne a gaba. Ya juya dutsensa, ya raɗa wa Inna, "Yaya, kin ga inda mai abu ta tsaya?"

"Ta ce ba ruwanta."

"Haka mai talla ke cewa ɗanɗana kyauta ne. Yarinyarmu ta zo da manyanta, mu watsa mata ƙasa a ido?"

Ya je ya ajiye gaban gajeriyar, har da ɗan rusunawa. Sauran suka bi, tsibi ya tashi.

Inna ce ta ƙarshe. Ta tsaya gaban Sannu-sannu, ta shafa ganyenta. Ta waiga, ga abokan aikin Dakta sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Duk gari sun bi 'yarta, a ce uwar da ta haife ta ce kaɗai ta saɓa? Ta taka a hankali ta ɗora dutsenta kan tsibin. Dakta ta sunkuyar da kai. Da la'asar ta shiga mota, sallamarta a taƙaice.

Inna ta riƙa cewa a ranta ai Auta ba za ta bari a taɓa ba. Da safiyar da ta je duba ko dawar ta fitar da kai, ta tarar leburori sun sare ta, awaki na cin ɗanyen karan.

Ta ari wayar maƙwabciya.

"Auta, sun sare."

"Ƙa'ida ce, Inna. Na ɗauka kin rage wata a gida, shi ya sa kika ƙi ta. Dutse ɗaya ya isa ya tsayar da su."

"Duka kika ce, duka na ba ki. Ke kuma can kika tsaya."



"Inuwa na bi, Inna."

Inna ta miƙa wa maƙwabciya wayarta, ta shiga ɗaki ta sauko da gorar. Ta zazzage ta kan faifai a bakin ƙofa inda haske yake, tana baza tokar da yatsa, tana sake bazawa. Maƙeri ya leƙo zai yi tsokanar da ya saba, ya ga abin da take yi, ya wuce.