Shanun Usaina Sun Hau Intanet

A daminar 2008 Usaina ta shiga makarantar koyon kwamfuta ta Madam Francisca a garin Lafiya. Kullum acaba take hawowa daga rugarsu da ke bayan Shabu, ta iso da taɓo a takalmi, ta zauna a kwamfutar ƙarshe wadda maɓallanta suka goge.

A wata na uku aka fara koyon haɗa shafin intanet. Madam ta rubuta a allo cewa kowace alamar da ake gina shafi da ita tana da sifofin da ake cusa mata. Src ce ke nuna inda hoto yake, href kuma inda mahaɗi zai kai mutum, width da height su ne faɗi da tsayi.

"Alt fa, Madam?" Usaina ta tambaya.

"Ita ce bayanin hoton da baki. In hoto bai fito ba, rubutun ne zai tsaya a wurinsa."

Akaa, wanda ya fi kowa saurin hannu a ajin, ya yi dariya. "Wa zai tsaya wannan wahala? Hoto ai zai fito."

Aka ce kowa ya haɗa shafinsa na jarrabawa. Akaa ya cika nasa da motoci. Usaina ta ari kyamarar Madam ta ɗauko hotunan shanun babanta guda tara, ta zauna kwana huɗu tana rubuta alt ɗin kowace: "Bunaje fara mai dogon ƙaho, ta haihu sau uku." "Jan bijimi yana shan ruwa a rafi." Sau biyu ta manta rufe alamar zance, shafin ya wargaje, ta sake bin sa layi-layi har ta gano.

Ranar jarrabawa Madam ta gayyato Malam Sharfaddeen, sakataren wata ƙungiyar dillalan dabbobi, wanda ke neman mai haɗa musu shafi. An riga an ɗora aikin kowa a intanet. Ana fara buɗewa sai hadari ya taso, ruwa ya ɓarke, layin intanet ya koma rarrafe.

Shafin Akaa ya buɗe da akwatuna fayau, kowane da ɗan jan kuros a kusurwa. Na biyu haka, na uku haka.

Da aka zo na Usaina, hotunan ma ba su fito ba. Amma kowane akwati da rubutu a ciki. Malam Sharfaddeen ya gyara tabarau ya matso, yana karantawa a fili.

"Bunaje fara... ta haihu sau uku. Kai! Wannan ko ban gan ta ba na san abin da zan saya. Wace ce ta yi?"

Usaina ta ɗaga hannu.

"'Yata, masu sayenmu na Legas kullum kukansu hoto ba ya buɗewa. Za ki iya yi mana na dabba sittin?"

"Zan iya, Baba."

Ajin ya kaure da tafi, Madam na buga tebur. Akaa ya jawo kujerarsa kusa da ita.

"Abeg, nuna min inda ake sa abin nan."

Ta nuna masa. Da ruwan ya tsagaita, ta fita ta kira babanta a waya, ta ce ya faɗa wa Inna ranar kasuwa mai zuwa da kyamara ita Usaina za ta je kara, wurin dillalan shanu.