Kifin da Ya Shige Yashi

Kwana uku ke nan da Evert ya saka sabon kifi a tankin gilashin marigayiya matarsa, Hilde, kuma bai sake ganinsa ba. Ɗan kifi ne kore mai kaurin leɓe, yana taɓa ruwan gishirin ya nutse cikin yashi. Shekara talatin Hilde ta yi tana kula da tankin, shi nasa kallo ne da kofi a hannu. Wannan ne na farko da ya saya da kansa, kuma zuciyarsa ta ba shi ya kashe shi.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauko cokalin miya zai tona, sai ga 'yarsa Femke da burodi.

"Baba! Dankali ka shuka a ciki?"

"Gawa zan fitar kafin ta ɓata ruwan."

"Wace gawa? Tsoro ne ya sa ya ɓuya. In ka tono shi, lallai za ka sami gawar. Ka manta wanda Mama ta kawo shekarar da na karye a ƙanƙara? Kwana tara ya yi a ɓoye. Kullum tana cewa baƙo ne, a bar shi da kunyarsa."

Evert ya tuna, har muryar Hilde sai da ya ji.

"Ita ma da muka yi aure, wata guda ba ta yi wa kakarki magana ba," ya ce yana dariya, idonsa ya ciko.

Ya sauke hannun rigarsa, ya rage hasken tankin, ya ja kujera ya zauna.