Kalma Uku a Bayan Kati

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Kati ya yi yana share ɗakin karatun jami'a, bai taɓa zama a aji ba. Shugabanni shida sun zo sun tafi a gabansa. Rufi ya taɓa ruftowa a kansa, ya fito yana kakkaɓe hula, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya sha labarin.

A zamanin tsofaffin kwamfutoci, ɗalibi kan danna neman maƙala, ya je ya sha ruwa ya dawo, allon bai buɗe ba. Shi ya sa Baba yake raba tsofaffin katunan jerin littattafai, kowa ya rubuta abin da yake nema kafin ya zauna. Da aka kawo sababbin na'urori masu amsawa kafin ka ɗauke yatsa, babu wanda ya ƙara karɓar kati.

Ranar nan ya tarar da jikarsa a kujerar kusa da taga, idonta ya yi ja. Malaminta ya ce in ba ta kawo maƙala biyar a kan ciwon bayan teloli kafin ƙarfe huɗu ba, aikinta sai baɗi. Tun safe take dannawa. Maƙala dubu arba'in su fito, ta sauya jimla, wasu dubban su fito, ko ɗaya ba ta buɗe ba.

"Tashi daga nan," in ji Baba.

"Haba tsoho, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa?"

"Ban iya ba. Amma furofesoshi nawa na gani suna kuka a kujerar nan? Masu gamawa da wuri kalma uku suke rubutawa. Ungo."

Ta karɓi katin tana gunaguni, ta koma kan benci. Ta rubuta, ta soke, ta ciji biro. Sai da ta yi kusan rabin awa kafin ta dawo ta danna kalmominta uku.

Goma sha bakwai suka fito. Ta buɗe ta farko, ta jawo littafinta.

Uku da rabi ta fita a guje da maƙala shida. Ƙawarta da ke kujerar gefe ta leƙo.

"Baba, akwai saura?"

Ya buga aljihu. "Akwati tara na ɓoye, 'yata. Lokacin da aka ce a ƙona su, wa kike tsammani ya hana?"