Magaryun Madu Uku

Shekara biyar ke nan magaryun Fanne suna yi mata alkawari suna saɓawa. Da ƙarshen damina sai su cika da fure, ƙudan zuma su wuni suna guɗa a kansu, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi ta lumshe ido, tana jin kamar Madu ne ke gunaguninsa na yamma. Sati biyu, furen ya kaɗe ƙasa. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Marigayi mijinta Madu ne ya dasa su. Daga wata magarya mai manyan 'ya'ya a Nguru ya yanko rassa uku, ya kawo su Gashuwa a jiƙaƙƙen buhu. Tun rasuwarsa Fanne ke gadinsu. Duk magaryar daji da ta leƙo a bayan danga, fartanya ce rabonta, don kada ta ɓata irin Madu.

Bana Abdussalam, ƙanin marigayin, ya ce haƙurinsa ya ƙare. In ba su yi 'ya'ya ba, zai sare su ya gina ɗaki a wurin. Fanne ta ji tsoro ƙwarai, domin su kaɗai suka rage mata da hannun Madu ya taɓa.

'Yarta Haula, mai karatun noma, ta ɗauki fure ɗaya tana juyawa.

"Inna, ba uku ba ne, itace ɗaya ne a wuri uku. Furen yana gane ƙurar jikinsa da ƙudan zuma ke kawo masa. In ta sauka a kansa sai ya rufe mata hanya. Ta wata magaryar yake jira."

"Wace magaryar?"

"Irin waɗanda kike sarewa."

Fanne ta daɗe tana kallon fartanyarta.

Washegari da hantsi ta bi gaɓar kogi, mace mai jikoki, tana kokawa da ƙaya. Ta dawo da reshen magaryar daji fal da fure, zaninta a yage. Ta tsoma shi a tulu, ta rataye a tsakiyar itatuwan, ta kwanta tana kallon ƙudan zuma suna kai da kawowa har gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Da sanyi ya shigo, Abdussalam ya iso da gatari. Fanne ba ta tashi ba. Ta buɗe tafin hannunta, 'ya'yan magarya bakwai koraye shar.

"Ɗanɗana," ta ce. "Shekara biyar yayanka yana aiko mana, ni nake korar ɗan aiken."